Surar da Matar Ɗana Ta Ɗauka

Garinmu ƙarami ne. Idan mutum ya yi atishawa a ƙofar masallaci, daga bakin rijiya za a yi masa addu'a. Titi ɗaya ne ya ratsa shi, kasuwa ranar Laraba, sai injin niƙa da ke aiki idan ya ga dama. Na bar shi ina goyon fari, na biyo maigidana nan Jidda, muka zauna a unguwar Nuzla, a nan na tsufa. Ni ba mai yawo ba ce, daga ɗaki sai kicin, sai gidan suna idan ya zama dole. Amma labarin garinmu ba ya wuce ni, kuma a 'yan shekarun nan ba ya zuwa mini da abin da ke sanyaya rai.

A bayan garin akwai rafi. A tsallaken rafin akwai ƙauyukan mutanen da muke kira 'yan tsallake, su kuwa jama'a kawai suke ce wa kansu. Hausawa ne kamarmu, Musulmi ne kamarmu, alƙiblarmu ɗaya. Abin da ya raba mu shi ne tun kakanninsu suka yanke cewa duk abin da ya zo da inji ba su ba shi. Ba mota, ba babur, ba rediyo, ba lantarki, ba kwanon rufi, ba takin zamani. Hoto kuwa shi ne babban abin gudunsu. Ranar Laraba za ka ga amalanken shanunsu sun jero daga rafi, ɗauke da man gyaɗa da zuma da daddawa da tabarmi. Mutanen garinmu su saye kayan tas, domin sun san babu algus a ciki, sannan su koma gindin bishiya su yi ta kwaikwayon tafiyarsu da maganarsu. Shekarar da ruwa ya cinye rumbunan garinmu, su ne suka tsallako da gayya suka tayar mana da su, ko ruwan sha ba su karɓa ba. Ba a yi wata ba aka koma yi musu dariya. Haka muke.

Suna da hukunci ɗaya da tun ina yarinya yake ba ni tsoro. A can kowa yana da ƙwaryarsa ta cin abinci, ana jera su a gindin rumbu. Wanda ya karya dokar jama'a ba a dukansa, ba a zaginsa, ba a korarsa. Ƙwaryarsa kawai za a kife. Daga ranar za a amsa masa sallama, a gaishe shi da jiki, amma ba mai sa hannu a abinci tare da shi, ba kuma mai cin abin da ya fito daga hannunsa, ko da 'ya'yan cikinsa ne. Ga namiji da sauƙi. Ku yi tunanin macen da rayuwarta duk a bakin murhu take.

A cikinsu nake da ƙawa. Mun haɗu muna 'yan mata, ita tana tsare wa uwarta faifan daddawa, ni ana aikena da kwalbar mai. 'Yar gari take ce mini, ina ce mata 'yar tsallake, har muka yi furfura ba mu canza ba. Bayan mijinta ya rasu 'ya'yanta suka ce za su kai ta Umara. Dattawansu suka zauna suka duba, suka ce hanyar ɗakin Allah larura ce, an yarda ta shiga mota da jirgi, an yarda da hoto ɗaya na fasfo, hoton larura. Bayan shi ko inuwarta kada a ɗauka. Da ta gama ibadarta ta sauko gidana, domin takardarta ta ba ta sauran lokaci.

Zamanta a gidan nan shi ne daɗin da na daɗe ban ji ba. Ba ta hana kowa komai ba. Ta ce matafiyi yana da sauƙi, amma hannunta ba zai taɓa makunni ba, don haka ni nake kunna mata fitila ina kashewa. Na'urar sanyi ta ce in rufe mata ita, ƙasusuwanta ba kifi ba ne. Ta ƙi gado, ta shimfiɗa tabarmar da ta zo da ita. Ranar farko da ta ɗanɗana miyata ta ajiye cokali ta dube ni.

"'Yar gari, wannan mece ce?"

"Miyar kuka ce mana."

"Kukar na gani. Miyar fa?"

"Ke dai ci, 'yar tsallake. Nan birni ne."

"Birnin da ake jefa ƙwaya a tukunya kamar ana yi wa akuya magani. Miƙo jakata."

Ta ciro ƙullin daddawa. Ƙamshin ya cika gidan har maƙwabciyata Basudaniya ta leƙo tana tambayar me ya mutu. Muka yi dariya har na riƙe ciki.

Tun kafin ta iso na tara mutanen gidana na ja musu kunne. Na ce baƙuwata ba a ɗaukar ta hoto, duk wanda ya ɗaga mata waya ni da shi ne. Kowa ya ce to.

Ɗana na biyu yana zaune a unguwar Bani Malik da matarsa. Yarinyar haifaffiyar nan ce, kakanninta da ƙafa suka zo aikin Hajji suka zauna. Hausa tana kunnenta amma ba ta zauna a harshenta ba, idan ta faro magana da Hausa da Larabci take ƙarasawa. Yarinyar kirki ce, wannan zan faɗa ko ina cikin fushi. Wata Juma'a da la'asar suka zo gaishe da baƙuwa. Ina kicin ina suyar kifi, mai yana ta tsalle, sai na jiyo muryar ƙawata tana karatun Alƙur'ani daga falo, irin karatun mutanenmu na can, a hankali, ana jan kowane harafi. Na ji daɗi a raina. Na ce ashe yarinyar nan ta san darajar manya.

Laraba ta zo ta wuce. Ranar Alhamis da hantsi ƙanena ya kira ni daga gida. Shi ne mai rumfar cajin waya a bakin kasuwar garinmu, da faifan hasken rana a kan rufin. Kafin mu gama gaisawa yana dariya.

"Yaya, ashe baƙuwarki ta zama 'yar fim."

"Wane fim?"

"Wanda surukarki ta turo a zauren dangi na waya. Ba ki gani ba? Jiya na saka shi a lasifika, kasuwa ta watse da dariya. Na kira samarin tsallake na ce ku zo ku ga uwarku ta waye. Wallahi da kin ga fuskokinsu. Ɗanta babba ko kuɗin zumarsa bai tsaya karɓa ba, ya ɗaure shanu ya juya."

Na zauna a kan buhun shinkafa.

"Sai aka yi yaya?"

"To, da safen nan dai na ji wai an kife mata ƙwarya. Amma kin san su da ɗaukar zafi."

Na kashe wayar a fuskarsa. Ni ba na buɗe zauren nan sai na ga dama, cike yake da gaisuwar Juma'a da tallan turare. Na lalubo, na samu. Ga ƙawata zaune a tabarmarta, ta gyara mayafi, fuskarta tar. Na mayar da shi farko na kara a kunne, domin ni da kunne nake ganewa. Sai ga muryar matar ɗana, tana ce mata khala, wato inna.

"Khala, mumkin in ɗauki sura?"

"Allah ya yi miki albarka, 'yata. A wace kika tsaya?"

Yarinyar ta yi 'yar dariya, da alama ba ta gane tambayar ba. "Ayyi haja, khala. Kowace."

"To, bismillah."

Nan na gane komai, kuma ganewar ta fi rashin ganewa ciwo. Larabawa sura biyu gare su. Akwai mai sauƙi a baki, ita ce ta Alƙur'ani. Akwai mai nauyi, wadda ake cika baki a faɗa, ita ce hoto. 'Ya'yan nan suna jin bambancin kamar yadda muke jin bambancin kara da ƙara. Mu 'yan zuwa sai mun daɗe. Ni kaina shekarar da na zo, maigida ya ce gobe za a je ofishi a ba da sura saboda iƙama, takardar zama, na wuni ina maimaita Fatiha kada in ji kunya. To a wurinmu kuma, idan yaro ya durƙusa gaban babba ya ce zai ɗauki sura, karatu yake nema. Yarinya ta nemi izinin hoto, tsohuwa ta ba da izinin karatu. Wayar da aka ɗaga kuwa ba ta dame ta ba, domin a Harami ta ga kowa a waya yake bin karatu.

Na sami ƙawata a falo tana tsince shinkafa a tire. Na rasa ta inda zan faro, ni da ba a rasa magana a bakina. Na zauna na gaya mata tiryan-tiryan. Hannunta ya tsaya a cikin shinkafar.

"Fuskata ta fito?"

"Ta fito."

"Mazan gari sun gani?"

"Sun gani."

Ta ɗago ta dube ni. Can ta ce, "Ban dai yi kuskure a karatun ba ko?"

"Ba ki yi ba."

"To alhamdu lillahi. Sun kife?"

"Sun kife."

Ta ci gaba da tsince shinkafarta. Ni ce na fashe da kuka, ita take ce mini in yi haƙuri.

Matar ɗana ta zo a guje da na kira ta. Ta faɗi a gaban ƙawata tana sumbatar kanta da hannunta, tana rantsuwa da Larabci da Hausa a haɗe. Ta ce Ummi, wato ni, ta hana, shi ya sa ta tambaya, khala kuma ta ce bismillah, ta ɗauka an yi mata alfarma ne. Ta ce karatun ne ya burge ta, ta tura wa dangi don su ji. Ƙawata ta shafa kanta.

"Tashi, 'yata, ba ki da laifi. Ashe dai ba karatun kike so ba. Ni kuwa har na tanadar miki ta gaba."

Wannan maganar ita ta fi ƙona mini rai. Duk kwanakin nan tana ta murna a ɓoye, wai ta zo har ƙasar Larabawa an nemi karatu a wurinta.

Na shiga ɗaki na kira ƙanena. Maƙwabta sun ji ni, ban damu ba.

"Kai, da hankalinka da gemunka ka ɗauki fuskar matar mutane ka saka a kasuwa?"

"Yaya, wasa ne fa."

"Wasa da wa? Sa'arka ce? Matar da ta goya ka a bayanta ranar kasuwa ina sayen mai? Rumbun gidanmu wa ya tayar da shi, kai ne?"

"Ni ban ɗauka ba, surukarki ce ta ɗauka."

"Ita kuskure ta yi. Kai ka san dokarsu tun kana tsirara. Ka san abin da zai biyo baya, shi ya sa ka kira samarin. Me suka tsare muku ne? Ba su roƙe ku ba, ba su ci naku ba. Zaman da suke yi ba irin naku ba shi ne yake muku ƙaiƙayi."

"To yanzu ya kike so in yi?"

"Ka tsallaka rafi da ƙafarka, ka bar babur a gida, ka cire wayar nan daga aljihunka, ka je ka gaya wa dattawansu yadda aka yi."

Da mutanen duniya ne, da na yi magana a waya an kunna musu sun ji da kunnensu. Su ba sa sauraron waya. Dole saƙon ya bi ta bakin mutum, kuma mutumin da nake da shi ke nan. Na zauna ina koya masa kalmomin nan biyu kamar mai koya wa aku. In cika baki in faɗi ta hoto, in saki baki in faɗi ta karatu.

"Faɗi in ji."

"Sura. Sura."

"Duk ɗaya ka faɗa."

"To ai duk ɗaya ce, Yaya."

"Ka ga abin da nake gaya maka. Haka ita ma ta ji."

Ya je, wannan kam na yaba masa. Ya ce sun shimfiɗa masa tabarma, sun ba shi ruwa, ba wanda ya ɗaga masa murya. Babbansu, wanda wa ne ga marigayi mijinta, ya saurare shi har ƙarshe. Sannan ya ce sun ji, sun kuma yarda ba da saninta ba ne, ba ta da zunubi a wurinsu. Amma fuskar 'yar jama'a tana yawo a aljihun maza. Ranar da ta fita daga aljihun kowa, a ranar za a tayar da ƙwaryarta.

Da na ji wannan sai fushina ya rabu biyu, rabi ya tsallaka rafi. Na girma ina kare mutanen nan a bakin 'yan garinmu, har ana ce mini 'yar tsallaken gari. Amma wannan wane irin hukunci ne? Kun ce ba ta da laifi, kun kuma bar ta a cikin horo. Wanda ya yi ɓarnar yana rumfarsa yana cin tsire, wadda aka yi wa ita ce jikokinta ba za su karɓi ko ƙuli daga hannunta ba. Dattawa ne masu karatu, sun fi ni sanin cewa Allah ba ya kama bawa da abin da bai sani ba. Su sai suka kama. Na faɗi wannan a gaban ƙawata, da abin da ya fi wannan.

"'Yar gari, ki iya bakinki," ta ce. "Mutanena ne."

"Mutanenki da suka kife miki ƙwarya."

"Kifewa suka yi, ba su fasa ba. Idan suka bar wannan ta wuce, gobe wata za ta ce ita ma ba ta sani ba. Ke ba ki san yadda ake riƙe jama'a ba, ku da kowa ke cin gashin kansa."

"To ki zauna a nan. Ga ɗaki, ga ni. Mata nawa suka zo Umara suka zauna? Shi ke nan, kin zama 'yar Jidda."

"In zauna ina kallon ki kina kashe miya? Dawata tana gona. Jikata ta kusa haihuwa."

"Ko ta haihu ba za ta sha kununki ba."

Da na faɗa na ga ta runtse ido. 

"Zan ga jaririn dai. Gani ba a hana ba."

Daga ranar ta karɓe mini kicin. Ni nake kunna mata gas, ita take sauran. Tuwon dawa, miyar kuɓewa busasshiya, ɗanwake, dambu, kunun tsamiya, abin da ban ci ba tun ina budurwa. Ta sa na kira 'ya'yana da matansu da jikoki, har maƙwabciyata Basudaniya. Ba ta zama ta ci. Sai ta tsaya a bakin ƙofa tana kallon hannuwa suna shiga kwano, tana cewa a ƙara wa wancan, wannan bai ƙoshi ba. Matar ɗana ta fi kowa shan ƙari, tana ci tana hawaye. Duk mun san girkin me take yi, domin a can ba mai ƙara ci daga hannunta.

Ranar tafiyarta, jakarta a bakin ƙofa, ɗana yana cewa yalla, a yi sauri, za a makara, ta kama hannuna.

"Naki fa?"

"Nawa me?"

"Na cikin wayarki. Ke ma aljihu gare ki."

Na ce mata ni mace ce, kuma ba mai gani. Na ce idan ta tafi ba zan ƙara jin muryarta ba, ita ba ta waya, ni ba na tafiya, wannan kaɗai nake da shi. Ta ce ta sani. Ta ce kowa aka ce. Na miƙa wa matar ɗana wayar, ta goge a gabanta, ta nuna mata wurin babu komai. Ta ce Allah ya sada mu da alheri, ta sauka.

'Yan zauren dangi duk sun goge nasu, abin da ya rage mini shi ne ƙanena, kuma ban bar shi ya huta ba. Ƙanƙantar garinmu ta yi rana a nan, domin duk wayar da ke garin sai ta kwana a rumfarsa. Na ce duk wanda ya kawo caji, ya goge a gabansa ko ya koma da wayarsa a mace. An yi rigima, an zage shi, wasu samari sun ɓoye nasu sun ce abin tarihi ne, sai da liman ya sa baki. Wata mata 'yar garinmu da ta zo Umara bayan nan ta ce ta ga ƙawata a kasuwa da faifan daddawarta, ta rame, amma tana nan da bakinta. Jikar ta haihu, namiji. Ranar suna ita ta yi shara ta ɗebo ruwa, wasu suka yi girki. Har yanzu ita kaɗai take cin abincinta a bayan ɗaki.

Duk Laraba idan kasuwa ta tashi nake kiransa. Wannan Larabar ya ɗauka da muryar gajiya.

"Yaya, na gari dai an gama. Na rantse miki."

"To ka tsallaka ka gaya musu."

"Akwai matsala ɗaya. Direban nan mai ɗaukar gawayi, ranar da na saka a lasifika ya ce in tura masa. Ya daina biyowa ta nan, an ce ya koma hanyar arewa."

"Su dattawan sun san da shi?"

"Ba su sani ba. Shi ya sa nake cewa ko mu yi shiru kawai."

Na so in ce masa to. Wallahi bakina ya buɗe zan faɗa. Amma na san matar nan. Idan ta ji daga baya cewa da ƙarya aka tayar mata da ƙwarya, da hannunta za ta mayar ta kife.

"Kana da mai a babur?"

"Yaya, ban ma san garin da yake ba."

"Akwai tasha, akwai bakinka. Rufe rumfar nan ka bi shi."